KUƊI A CIKIN WAYA: WA MU KE BA AMANA?

A kasuwannin ƙasarmu yau, in an gama ciniki, akwai tambaya ɗaya da a kan yi: "Kuɗi hannu ne, ko tiransifa?" In saurayi ne mai saye, sai ya zaro wayarsa, ya latsa, ya ce ya tura. In dattijo ne mai sayarwa, sau da yawa sai ya girgiza kai, ya ce shi dai sai ya ga kuɗinsa a tafin hannu. Saurayin ya tafi yana cewa tsoho ya ƙi zamani. Dattijon kuwa ya ce yaran yanzu ba su san darajar kuɗi ba.

Gardaman nan ta shiga gidajen masu bi. Ta kai har majalisar dattawan ekklesiya, gama a wurare da yawa matasa sun roƙa a rubuta lambar asusun ekklesiya a allo, domin wanda ba shi da kuɗi a aljihu ya ba da baiko ta waya. Saboda haka ya kamata mu zauna mu auna zancen. Me ya sa matasanmu su ke saurin yarda su zuba kuɗinsu a waya? Yardan nan tasu hikima ce ko wauta? Kirista kuma, me Ubangiji ya ke nema a gare shi cikin wannan sabon abu?

KUƊI KANSA AMANA NE

Bari mu fara da kuɗin da dattijon nan ya ke so ya gani a hannunsa. Kalman nan kuɗi jam'in wuri ce. Kakannin kakanninmu da wuri su ke ciniki, watau ƙoƙon wani ƙaramin abin ruwa da a ke kawowa daga tsibiran Tekun Indiya. Ba a cin wuri, ba a sa shi a miya. Duk da haka mutum ya kan ba da akuyarsa ya karɓi wuri, domin ya tabbata gobe mai hatsi zai karɓa daga hannunsa.

A 1904 Turawan mulki suka hana shigo da wuri ƙasan nan. Aka kawo anini da kobo da sisi da sule, aka ce da su za a biya haraji. Bayan ƙarfe sai takarda ta zo, mutane da yawa kuwa suka yi ta ƙinta, suna cewa gara za ta ci, wuta za ta ƙone, ruwa zai jiƙa. A 1959 Babban Bankin Nijeriya ya buɗe, ya fito da kuɗin ƙasa. Ran 1 ga Janairu 1973 fam ya tafi, naira ta zo, aka canja fam ɗaya a kan naira biyu. Kowane canji daga cikin waɗannan, da tsoro aka karɓe shi, kana aka saba.

To, mu lura da wannan. Takardar naira dubu da dattijo ya ƙulle a bakin zane ko ya cusa a ƙarƙashin katifa, darajarta alkawari ce wadda hukuma ta yi, jama'a kuma suka yarda da ita. Ashe dattijon ma amana ya ke riƙe da ita, shi da saurayin duka. Bambancinsu shi ne, dattijo ya ba da amanarsa ga abin da ya ke iya taɓawa, saurayi kuwa ga lambar da ya ke iya karantawa. Tun da ya ke haka ne, ba za mu ce wannan mai hankali ne, wancan wawa, tun ba mu bincika ba. Sai mu tambayi kowannensu, wa ka ba amana, da wane dalili kuma?

ABIN DA KE JAWO MATASA

Na fari, bukata. Matashi ne ya fi yin nisa da gida. Yana makaranta a Zariya ko Jos, ko yana bautar ƙasa a kudu, ko yana aikin gini a Abuja, iyayensa kuwa suna Kagoro, ko Biliri, ko Garkida. Dā sai a jira direban mota wanda aka sani, a ba shi ambulan, a yi ta addu'a ya isa lafiya. Yau uwa tana kwance a asibiti, ɗanta yana nisan kwana guda a mota, kafin a gama rubuta takardar magani kuɗin ya iso. A ƙasar Kenya ma haka abin ya faro. Sa'ad da kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa a 2007, ma'aikatan birni masu aika kuɗi ga iyayensu a ƙauye su ne suka ɗauke shi da hannu biyu. Ga kuma tsoron hanya. Wanda ya san halin hanyoyinmu na 'yan fashi da masu satar mutane ba zai so ya ɗauki kuɗin shanu ko na citta a jaka ba. Waɗanda suka ga gobarar babbar kasuwar Jos a 2002 kuma sun san kuɗin da aka bari a shago ba shi da tabbas.

Na biyu, sabo. Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001. Yaron da aka haifa a shekaran nan yau magidanci ne, bai kuwa taɓa sanin duniya marar waya ba. A waya ya ke gaisuwa, a waya ya ke neman aiki, a waya ya ke karanta Littafi Mai Tsarki. In aka ce ya sa kuɗinsa a can, bai ga baƙon abu ba. Ko wanda ba shi da babbar waya, da ƙaramar nan mai maɓalli ya kan danna 'yan lambobi ya tura kuɗi, ba sai da intanet ba.

Na uku, abokai. Gani ya kori ji. Saurayi ba ya karanta dokokin banki kafin ya buɗe asusu. Ya ga abokinsa ya tura, ya ga kuɗin ya shiga, shi ke nan ya yarda. Mai shayi ya kafa lambar asusunsa a jikin tebur, mai keke-napep ma haka. Wanda ba shi da asusu a cikin tsaransa sai ya ji kamar an bar shi a baya.

Na huɗu, tilas. A ƙarshen 2022 Babban Banki ya sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Farkon 2023 tsofaffin takardu suka koma banki, sababbi kuwa ba su wadata ba. Mun ga mutane suna kwana a layi, mun ga manomi yana karyar da hatsinsa domin ya sami kuɗi hannu, mun ga masu POS suna sayar wa mutum kuɗinsa da tsada. Sai ran 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓan tsofaffin takardu. A watannin nan ne dubban mutane suka buɗe asusu a OPay da PalmPay da Moniepoint, matasa ne kuwa suka koya wa iyayensu.

Akwai abin koyo in mun gwada wannan da wani. A watan Oktoba 2021 gwamnati ta fito da nata kuɗin waya, eNaira, da babban biki. Amma mutane kaɗan ne suka yi amfani da shi, gama ba su ga abin da zai yi musu wanda ba su da shi ba. Ashe umurnin hukuma kaɗai ba ya sa mutum ya yarda. Abin da ya share masa hawaye ran wahala, shi ya ke ba amana.

Na biyar, shi ne wanda matasa ba su cika faɗi ba, watau sirri. Kuɗin da ke cikin waya, uba bai san yawansa ba, ƙane ba zai gani ya roƙa ba, aboki ba zai ji motsinsa a aljihu ba. Za mu komo kan wannan, gama a nan nauyin zancen ya ke.

ABIN DA KE HANA WAƊANSU

Kada mu ɗauka dukan matasa sun shiga. Binciken da ƙungiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna wajen mutum ɗaya cikin huɗu na manyan Nijeriya ba ya hulɗa da banki ko wata hanyar ajiya, a arewa maso yamma kuwa kusan rabi ne. Cikinsu akwai samari da 'yammata da yawa, dalilansu kuma ba na wauta ba ne.

Wani ƙauyensu ba sabis, sai ya hau tudu. A 2021 ma an rufe layukan waya a Zamfara da waɗansu sassan jihohin da ke maƙwabtaka da ita saboda 'yan bindiga, mai kuɗi a waya ya zauna kamar marar ko anini. Wani bai yi karatu ba, saƙon banki kuwa da Turanci ya ke zuwa. Wani ba shi da lambar BVN, wadda aka fara a 2014, ko lambar katin ɗan ƙasa, wurin yinsu kuma da nisa. 'Yammata da yawa ba su da wayar kansu, sai ta wa ko ta miji. Wani kuma ya lissafta 'yan kuɗin da a ke cirewa a kan kowace hulɗa, ya ga mai ribar naira ɗari biyu a wuni ba zai iya ɗauka ba. Wani ya taɓa turawa, aka cire daga asusunsa, ba ta isa wurin mai kaya ba, ya yi mako biyu yana zirga-zirga kafin a mayar masa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Dattawa kuma suna da abin tunawa. A 1998 an rufe bankuna 26 a lokaci guda. A 2002 aka ƙwace lasin Savannah Bank. Akwai gidajen da kuɗin fansho ko na makarantar yara ya maƙale shekara da shekaru. Yaron da ya tashi yana jin labarin nan a bakin ubansa, ba abin mamaki ba ne in ya yi ɗari-ɗari. Saboda haka kada saurayin birni ya rena ɗan'uwansa na ƙauye, kada kuma ya yi wa tsoho dariya.

YARDA IRI BIYU

Littafi Mai Tsarki bai yabi mai binne kuɗi ba. A misalin da Ubangijinmu ya bayar cikin Matta sura 25, bawan da ya tona rami ya ɓoye kuɗin maigidansa saboda tsoro, shi aka tsauta wa, aka kuma nuna masa da ma ya kai wa masu jujjuya kuɗi. Tsoro kaɗai ba hikima ba ne. Amma Littafin nan kuma, cikin Misalai, ya yi ta faɗakar da mu a kan marar wayo mai gaskata kowace magana, da mai gaggawar yin arziki.

Akwai yarda mai tambaya, akwai yarda ta kwaɗayi. Dukansu ta waya ɗaya su ke bi, shi ya sa a ke ruɗewa. A 2016 wani shiri mai suna MMM ya yi wa mutane alkawarin ribar 30 bisa 100 a wata guda. Ɗalibai suka zuba kuɗin makaranta, ma'aikata suka zuba albashi, har masu bi suka riƙa jawo juna a ƙofar majami'a. A watan Disamba na shekaran nan aka rufe asusun mutane. Da a ce mun koyi darasi, da ba a sake ba. Amma a watan Afrilu 2025 wani mai suna CBEX ya rushe da dukiyar jama'a ta hanya irin wannan. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ga kuma ɗaya gefen. A watan Yuni 2024 Babban Banki ya ƙwace lasin Heritage Bank. Amma da ya ke banki ne mai rajista, hukumar inshorar ajiya, watau NDIC, ta shiga biyan masu ajiya, har naira miliyan 5 ga kowane mutum, ta kuwa bi lambar BVN ta sami waɗansu asusunsu ta zuba musu. Banki mai lasin ma yana iya faɗuwa, amma akwai wanda ya tsaya a bayansa. Shirin 'yan damfara in ya faɗi, ba ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Domin wannan muna ba kowane matashi tambaya uku ya yi kafin ya zuba kuɗinsa ko'ina. Wa ya ba mutanen nan izini, Babban Banki ya san da su? In kuɗina ya ɓace, ina zan tafi, wa zan kama? Ribar da su ke faɗi, daga wane aiki ta ke fitowa? In ba amsa, to, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya kuma riƙe wannan da kyau: ba ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira mutum ya nemi lambar sirrinsa, ko lambar nan da a ke aikowa ta saƙo. Duk wanda ya nema ɓarawo ne, ko da ya gaishe ka da sunan Ubangiji.

SHAIDUN DA SUKA ƁACE

Yanzu mu komo kan sirri. Mu tuna yadda kuɗi ya ke tafiya a dā. Saurayi ya sayar da gyaɗarsa a kasuwa, mutane suna gani. Ya kawo gida, uba ya ƙirga. In zai ci bashi, sai ya tafi wurin mutum ya zauna, ya yi bayani, a kira shaidu. In zai yi caca, sai ya laɓaɓa bayan kasuwa, yana waige kada wani dattijon ekklesiya ya gan shi. Uwar adashi ta san wanda ya zuba da wanda ya yi fashi. Ko'ina kuɗi ya bi, da idon mutane a kansa. Idon nan ya kan takura, gaskiya ne, amma ya tsare mutane da yawa daga hallaka. Kunya ta yi wa kakanninmu shinge.

Waya ta kawar da shaidun nan duka. Saurayi yana kwance a ɗakinsa da tsakar dare, yana iya zuba kuɗin makarantarsa a cacar ƙwallo, ba wanda ya ji ko motsi. Yana iya cin bashi daga manhajar da ba ta san fuskarsa ba, cikin minti biyar, da ruwa mai nauyi. Ran biya kuwa sirrin ya kan tonu da muni, gama waɗansu masu ba da bashin nan sun riƙa aika saƙon ɓatanci ga dukan sunayen da ke cikin wayar mutum, har hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye ta kai wa waɗansunsu sumame a Legas a 2022. Kuma kuɗin da ba a ƙirga shi da yatsa ba, fitarsa ba ta da zafi. Mai miƙa takardun naira dubu goma ya kan ji su a ransa. Mai latsa waya sai ƙarshen wata ya ke tambaya ina albashinsa ya tafi.

Ba mu ce sirri mugun abu ne ba. Ubangiji da kansa ya koya mana mu yi sadaka a ɓoye, cikin Matta sura 6, waya kuwa ta sauƙaƙa wannan ƙwarai. Mutum yana iya biya wa maraya kuɗin jarrabawa ba wanda ya sani. Gwauruwa tana iya tara 'yan kuɗinta inda dangin miji ba za su sa hannu ba. Yarinya mai ɗinki tana iya ajiye jarinta har ta sayi keken kanta. Sirri ɗaya ne, wani ya yi alheri da shi, wani ya yi ɓarna.

Ga abin da mu ke so kowa ya riƙe daga wannan takarda. Shaidan da dā ya ke tsaye a waje, yanzu dole ya koma cikin zuciya. Kakanninmu in tsoron Allah ya yi musu ƙaranci, kunyar mutane ta kan taimake su. Matashin yau an ɗauke masa wannan taimako. Abin da ya rage masa shi ne lamirinsa da sanin cewa Allah yana gani. Gehazi baran Elisha ya bi Na'aman a ɓoye ya karɓi azurfa, ya ɓoye a gida, yana tsammani ba wanda ya sani (2 Sarakuna 5). Hananiya da Safiratu suka ɓoye wani kashi na kuɗin gonarsu, suka nuna kamar duka suka kawo (Ayyukan Manzanni 5). Ba mutum ne ya ga waɗannan ba, duk da haka ba su ɓuya ba. Wanda ya karɓi 'yancin da waya ta kawo, ya karɓi nauyin da ya zo tare da shi.

MATASHI YA ZAMA MA'AJIN GIDA

Akwai wani abu kuma da ya juya a gidajenmu, ba mu kuwa yi zancensa sosai ba. Dā uba ne ke riƙe da kuɗi, yaro ya roƙa. Yau a gidaje da yawa tsohuwa ba ta iya karanta saƙo ba, tsoho idonsa ya yi rauni. Sai su miƙa wa ɗa ko jika waya da kati da lambar sirri. 'Yan'uwa na birni su turo kuɗin magani ko na taki, yaron ne kaɗai ya san nawa ya shigo. In an turo dubu ashirin ya ce sha biyar ne, wa zai ƙaryata shi?

Ya kai saurayi, ya ke budurwa, ku san wannan amana ce mai girma. Jaraba ba ta zuwa da sunan sata. Ta kan ce, ara ne kawai, ka sayi data, ran Jumma'a ka mayar. Ta kan ce, ai kai ne ka ke wahalar zuwa wurin mai POS, ladan ka ne. Yahuda Iskariyoti shi ne mai riƙe da jakar almajirai, Yohanna kuwa ya shaida mana ya kan ɗiba daga ciki (sura 12). Da ɗiba kaɗan kaɗan ya fara, ƙarshensa kuwa mun sani. Ubangiji ya kuma tsauta wa waɗanda su ke neman hujja su hana iyayensu abin da ya wajaba a ba su (Markus sura 7). Girmama uba da uwa a zamanin nan ya haɗa da karanta musu saƙon banki daidai yadda ya ke, har kobo na ƙarshe.

Muna ba da shawara, duk wanda ke riƙe da asusun tsoho ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ya nuna wa wani ɗan'uwa a kowane wata. Mai turo kuɗi daga birni kuma ya kira tsohuwar da kanta ya gaya mata yawansa. Wannan ba rashin yarda da yaron ba ne. Taimakonsa a ke yi, a kuma tsare sunansa daga zargi.

Ku kuma iyaye, zamani riga ne. Ku yarda 'ya'yanku su koya muku. Wanda ya iya haddace lambobin waƙoƙin sujada zai iya riƙe lamba huɗu a kansa. Ku tambayi 'ya'yanku labarin kuɗinsu da fuska sake, domin su iya gaya muku gaskiya tun bashi bai kai musu wuya ba.

ABIN DA YA WAJABA GA EKKLESIYA

Shin ya halatta a ba da baiko da zakka ta waya? Ba mu ga abin da ya hana ba. Allah ya karɓi hatsi da tumaki a hannun Isra'ila, ya karɓi anini a hannun kakanninmu, zuciyar mai bayarwa ya ke dubawa. Amma sai a yi shi bisa tsari. A zamanin sarki Yehoash, Yehoyada firist ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagadi, in kuɗi ya taru kuwa, magatakardan sarki da babban firist tare su ke ƙirgawa (2 Sarakuna 12). Manzo Bulus ma, sa'ad da ya tara gudummawa domin tsarkaka na Urushalima, bai yarda ya ɗauka shi kaɗai ba. Ya aiki Titus tare da waɗansu 'yan'uwa biyu, ɗayansu ekklesiyai ne suka zaɓe shi, domin kada a sami abin zargi (2 Korinthiyawa 8). In Bulus ya nemi shaidu, wane ne a cikinmu ya fi ƙarfin shaida?

Saboda haka asusu ya zama da sunan ekklesiya. Kada baiko ya bi ta asusun fasto, ko na ma'aji, ko na shugaban matasa, kome amincinsa. Kada kuɗi ya fita sai da hannun mutum biyu ko uku. Saƙon banki ya riƙa zuwa wayar mutum fiye da ɗaya. A karanta lissafi a gaban jama'a a kan kari. Haka kuma asusun zumuntar mata, da na mawaƙa, da na ƙungiyar matasa. Kada kuma a janye kwanon baiko, gama tsohuwa mai naira hamsin a bakin zane tana da rabo cikin sujada daidai da mai waya.

Ekklesiya ce ta koya wa kakanninmu karatu da rubutu a ƙarƙashin itace, domin su karanta Maganar Allah da kansu, kada kuma a cuce su a kasuwa. Aikin nan bai ƙare ba. Me zai hana ƙungiyar matasa ta ware yamma ɗaya a wata, ta zaunar da iyaye mata da dattawa, ta koya musu karanta saƙon banki da gane muryar ɗan damfara? Me zai hana dattawa su kuma su zaunar da matasa, su koya musu tanadi, da haƙuri, da hatsarin bashi? Kowane ɓangare yana da abin da ɗayan ya rasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka. A hana kuma kowa tallan shirin riba a harabar majami'a, ko wane ne shi, gama mutane su kan saki jiki da abin da suka ji a bakin ɗan'uwa mai bi.

To, 'yan'uwa, yardar matasanmu da bankin waya tana da dalilai masu kyau, ba za mu hana su ba, mu ma muna cin moriyarta. Abin da mu ke roƙo shi ne su san wanda su ke ba amana, su kuma zama mutanen da za a ba amana a inda ba mai gani. Dattawa su yi musu addu'a, su bar ƙofar shawara a buɗe. Ubangiji ya ba mu aminci cikin ƙaramin abu da babba, a fili da ɓoye, domin ran da za a buɗe lissafin kowa mu tsaya gabansa ba da kunya ba. Amin.